Ajiyar Wake Ga Mata Manoma

Mata manoma da yawa a karkara kan sayar da wakensu da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, sannan su saye shi da tsada da bazara. Tsoron ƙwari na cikin abubuwan da ke jawo wannan gaggawar. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana hana iska shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Amma sai waken ya bushe har ya yi ƙas idan an ciza. A matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban, a ɗora buhun bisa katako nesa da ɓera, domin huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Kuɗin adashi ma kan isa sayen buhun.