Saurin Fushi Ba Tare da Dalili Ba: Nazarin Rawar Ciwon Tayirod da Ƙarancin Bitamin a Yankin Tafoki

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi saurin fushin da ke bijiro wa mutum ba tare da dalili na zahiri ba, wanda Bahaushe ya saba jingina shi ga hali ko iska ko sammu. Manufarta ita ce nuna cewa sauyin ɗabi'a na farat ɗaya kan iya zama alamar ciwo a jiki, musamman tangarɗar tayirod da ƙarancin bitamin B3 da B12. An auna bayanan ilimin likitanci da yanayin cimar Tafoki ta ƙaramar hukumar Faskari da maƙwabtanta na Ƙanƙara da Sabuwa a jihar Katsina.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na da kalmomi da dama na siffanta mai fushi. Akan ce yana da zafin rai, ko baƙin rai, ko zuciyarsa a kusa take. Dukkansu hukunci ne a kan hali, shi kuwa hali, in ji masu iya magana, zanen dutse ne. To amma idan haka ne, me za a ce da matar da aka shaida da haƙuri shekara goma, sai a wayi gari kukan jaririnta ma yana tunzura ta? Abin da ya sauya cikin 'yan watanni ba zanen dutse ba ne. Rashin gane haka kan kai ga yaji da saki da zargin kishiya, alhali ciwon na nan yana cin jiki.

2.0 Tayirod da Sauyin Ɗabi'a

Tayirod wata 'yar halitta ce mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya. Tana amfani da sinadarin ayodin wajen samar da homon da ke daidaita saurin aikin jiki. Kumburinta shi ne abin da Hausawa suka sani da maƙoƙo, sai dai tana iya samun tangarɗa ba tare da wuya ya kumbura ba.

Idan aikinta ya yi yawa, mutum kan zama mai saurin hasala da rashin natsuwa. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, hannu na karkarwa, gumi ya yawaita ko da sanyi ake yi, barci ya gagara, a riƙa ramewa duk da cin abinci sosai. A wasu idanu kan firfito. Idan kuma aikinta ya ragu, sai kasala da jin sanyi da ƙiba da mantuwa da ƙuncin rai su biyo baya. Duka biyun sun fi kama mata, kuma akwai nau'in da ke tasowa cikin shekarar farko bayan haihuwa, lokacin da aka fi ɗora komai a kan wahalar jego.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi maikirogiram 150 na ayodin a kullum, mai ciki da mai shayarwa kuma 250. Tun daga 1993 Nijeriya ta wajabta sanya ayodin a gishirin ci. Duk da haka, gishirin da ake kasawa a buɗe cikin rana da danshi yakan rasa wani kaso na sinadarin, gishirin gargajiya kuwa ba a sanya masa shi tun asali. Haka nan rogon da bai jiƙu sosai ba yana hana tayirod amfana da ayodin, kuma bincike a yankin Darfur na Sudan ya danganta yawan maƙoƙo da dogaro kan gero inda ayodin ya yi ƙaranci.

3.0 Ƙarancin Bitamin

Kudancin Katsina ƙasar masara ce, kamar yadda kasuwar hatsi ta Ɗandume ke shaidawa. Masara na ɗauke da bitamin B3, wato niyasin, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya tatsar mafi yawansa. Wanda ya dogara da tuwon masara safe da dare, babu wake babu gyaɗa babu nama, yana cikin haɗarin cutar felagra. Farkonta saurin fushi ne da rashin barci, kafin fatar da rana ke duka, kamar wuya da bayan hannu, ta yi baƙi ta dare, gudawa da ruɗewa su biyo. Likitan nan Joseph Goldberger, wanda ya fara bincikenta a kudancin Amurka a 1914, shi ya nuna cewa daga cima take, ba ɗaukarta ake yi ba.

Shi kuwa bitamin B12 daga abincin dabba ake samunsa: nono, nama, ƙwai da kifi. A nan ne matsalar tsaro ta shigo. Satar shanu da ƙaurace wa gonaki a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sun taɓa ƙwaryar nonon gidaje da yawa. Da yake hanta na ajiye B12 na shekaru, alamun ƙarancinsa ba sa bayyana nan take, sai an daɗe da manta musabbabin. Alamun sun haɗa da gajiya, ɗashewar jiki, jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, mantuwa da ɓacin rai.

4.0 Hanyar Bambancewa

Ba kowane fushi ne ciwon jiki ba. Wanda ya kwana cikin fargaba ko ya rasa dukiyarsa yana da dalilinsa, kuma shi ma yana buƙatar kulawa. Tambayoyi uku ne za su taimaka. Shin halin sabo ne? Shin yana tafe da sauyi a jiki, kamar rama ko bugun zuciya ko ƙaiƙayin ƙafa? Shin cimar gidan ta sauya? Idan amsar ta zama e, sai a nemi gwajin jini na TSH da na yawan jini. Daga Tafoki, Babban Asibitin Funtuwa ne matakin farko, daga can a iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko na Tarayya da ke Katsina.

Ya kamata a guji shan magani da ka. Ƙarin ayodin yana iya tsananta ciwon wanda tayirod ɗinsa ke aiki fiye da kima, kuma folik asid na iya gyara jini ya ɓoye ƙarancin B12 yayin da jijiyoyi ke ci gaba da lalacewa.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa saurin fushin da ya zo sabo yana iya samun tushe a wuya ko a akushi. Waɗannan cututtuka suna da magani, kuma rigakafin wasunsu na cikin gida: gishiri mai ayodin a mazubi rufaffe, da wake da ƙuli-ƙuli da nono a gefen tuwo. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna. Saboda haka ana ba iyaye da malamai da masu unguwanni da ke sasanta ma'aurata shawarar su riƙa tambayar lafiyar wanda ake ƙara kafin su yanke hukunci a kan halinsa.