Darasin Wannan Wata: Rage Rassan Itace Don Samun Katako Mai Kyau

Jama'ar Marnona da kewaye, daga Wurno zuwa Rabah da Goronyo, da yawanmu muna da dogonyaro ko turare a gona da bakin gida. Amma idan an zo gini, sai mu rasa sanda miƙaƙƙiya ta yin rufi. Babban dalili shi ne ba mu gyara itacen tun yana ƙarami ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me reshe yake yi wa katako?

Kowane reshe yana barin kulli a cikin jikin itace. Idan an yanke shi da wuri, itace zai rufe wurin, ya ci gaba da yin tsoka mai kyau a kai. Idan an bar shi ya bushe, kullin yakan fita ya bar rami a katako. Nan ne katako yake karyewa, kafinta kuma ba ya sayensa da daraja. Saboda haka ne masu gandun itacen fayin, irin wanda aka dasa a Afaka kusa da Kaduna, suke rage rassan ƙasa. Fayin ba ya jure zafi da ƙarancin ruwanmu, amma ka'idar ɗaya ce da itatuwanmu.

Kada a wuce gona da iri

Ganye shi ne madafar itace, a nan yake haɗa abincinsa da hasken rana. Wanda ya aske itace ƙwal saboda dabbobi ko makamashi, ya hana shi yin kauri. Kada a cire fiye da kashi 1 cikin 3 na rassa masu ganye a lokaci guda.

Yadda ake yi

1. A yi aikin da rani, kafin faɗuwar damina.
2. A wasa adda sosai, zarto kuma ya fi.
3. A fara da rassan ƙasa, a bar kan itacen.
4. A fara sara reshe ta ƙasa, sannan ta sama, don kada ɓawo ya yage.
5. A yanke dab da jikin itace ba tare da an ji masa rauni ba. Kada a bar guntu, domin ta nan ruɓa da gara suke shiga.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun gwada irin wannan tun 1983. Sukan zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a kan kututture, su yanke saura. Ta haka itatuwa suka dawo a gonaki kusan hekta miliyan 5 a Nijar.

Tambayoyi

1. Me yake kawo rami a katako?
2. Kashi nawa na rassa ya kamata a cire?
3. Don me ake fara sara ta ƙasa?

Ku karanta wa waɗanda ba su samu zuwa aji ba.