Tausayi Wajen Yanke Hukunci

Malamin makaranta alƙali ne, ko ya sani ko bai sani ba. Kafin a tashi ko wace rana sai ya yanke hukunci goma ko fiye: wannan ya makara, wancan ya ɗauke fensirin wani, wancan kuma bai yi aikin gida ba. Doka tana nan a rubuce, amma ita doka ba ta san yaron ba. Abin da za mu duba a darasin nan shi ne amfanin tausayi a irin wannan wuri, watau mutum ya sa kansa a matsayin wani har ya ji abin da ya ke ji, da kuma inda tausayin ya kan ɓad da mai shi.

Akwai wata shari'a da Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa. A zamanin Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi, waɗansu bayin Haɗibu suka saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina, suka yanka. Aka kai su gaban Halifa. Laifi ya tabbata, har ya ba da umurni a yanke musu hannu. Sa'an nan sai ya lura da cewa ubangidansu yana barinsu da yunwa. Ya fasa yankan. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce ya ƙi sayad da ita a kan dirhami 400. Halifa ya sa ubangidan bayin ya biya 800.

Ku lura da abin da tausayi ya yi a nan. Bai ce ba a yi sata ba. Abin da ya yi shi ne ya sa alƙali ya yi tambayar da masu ƙara ba su yi ba: me ya kai mutanen nan ga wannan aiki? Da amsa ta fito sai aka ga ashe akwai mai laifi wanda ba a kamo ba. Kuma ba a manta da mai taguwa ba, gama shi ma an cuce shi. Shi Malik ya ce ninka kuɗin ba shi ne abin da a ke aiki da shi a Madina ba, amma wannan zance ne na masana shari'a, ba shi ne gabanmu ba yau.

Shi dai Umarun nan, da aka yi babban fari a Hijaz a shekara ta 18 bayan Hijira, wajen 639, ya rantse ba zai ci man shanu ba sai jama'a sun samu. Ya ga mai ƙoshi ba ya iya auna yunwar wani.

To, amma kada ku ɗauka duk inda zuciya ta karkata nan gaskiya ta ke. A 1995 wani masanin halayyar ɗan Adam, Daniel Batson, da abokan aikinsa na Jami'ar Kansas a Amurka, sun buga sakamakon wani gwaji. An sa ɗalibai su saurari labarin wata yarinya 'yar shekara 10 mai ciwo mai tsanani, tana cikin jerin yara masu jiran taimako. Yarinyar ƙagaggiya ce, amma su ba su sani ba. Aka ce wa waɗansu su saurara kurum ba tare da sa rai ba, waɗansu kuwa aka ce su yi ta tunanin yadda ta ke ji. Daga nan aka tambaye su ko a ɗauke ta a kai gaban jerin, bayan an gaya musu yin haka zai tura waɗanda suka fi ta bukata baya. Cikin na fari, wajen mutum 1 cikin 3 ne ya yarda. Cikin waɗanda aka tsima da tausayi kuwa, kusan 3 cikin 4.

Ba mugaye ba ne waɗannan ɗalibai. Yarinya guda suka ji muryarta, sauran yaran kuwa ba su da suna, ba su da murya. Haka tausayi ya ke, ido ya ke bi. Ya fi saurin kama mu a kan wanda ke kuka gabanmu, da ɗan garinmu, da mai jin harshenmu. A makarantar da ta tara 'ya'yan ƙabilu dabam dabam, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin yara suna gane son kai tun kafin malami ya gane shi a zuciyarsa.

Mu dawo aji. Yaro yana makara kullum. Kafin ka hore shi, bincika. Wataƙila sai ya ɗebo ruwa ko ya kai talla kafin a sake shi, ka ga maganar ta zama ta ganin iyayensa ke nan, ba ta horo ba. Wataƙila kuwa wasa ya ke tsayawa yi a hanya, sai ka hore shi ba tare da jin nauyi ba. Amma ranar duba takardun jarrabawa, in ka ƙara wa marayan ajinka maki 5 don ka san halin da ya ke ciki, ka sani akwai wani yaro da ka ture daga matsayinsa, wanda mai yiwuwa nasa halin ya fi muni, ba ka dai ji labarinsa ba ne. In kana so ka taimaki marayan, zauna da shi bayan an tashi ku maimaita lissafin da ya gagare shi.

Waɗanda za su fita koyon aikin koyarwa su gwada wannan: sa yara su rubuta sunansu a kusurwar takarda su naɗe, kada ka buɗe sai ka gama ba da maki duka.