Faifan ajiya rumbu ne

Ɗana, mahaifiyarka ta ce mini PlayStation 5 ɗinka ta cika, kullum sai ka goge wani wasa kafin ka sauke wani. Ban yi mamaki ba. A jikin kwali an rubuta gigabait 825, amma abin da ya rage maka bai wuce 667 ba, sauran kuwa na'urar ta riƙe wa kanta. Wasa ɗaya irin Call of Duty kuwa yana iya cinye fiye da 100. Duk wanda ka goge, ranar da ka yi marmarinsa sai ka sake sayen data, kuma ka san tsadarta.

Saboda haka na goyi bayan ka sayi faifan ajiya na waje, wanda ake jonawa ta USB. Sony ta yarda da mai ɗaukar gigabait 250 har zuwa terabait 8, muddin USB ɗinsa mai sauri ne, wato 3.0 ko sama. Idan ka ga mai terabait da yawa ana sayarwa da arha sosai, ka bar shi. Jabu sun yi yawa.

Ka ɗauke shi kamar rumbu. Ana tara hatsi a rumbu, amma ba a tuƙa tuwo a cikinsa, sai an ɗebo. Tun Afrilun 2021 ake iya ajiye wasannin PS5 a faifan waje, sai dai ba sa buɗuwa daga can, domin an gina su ne a kan saurin ma'ajiyar ciki. Sai ka dawo da su tukuna, kuma hakan ya fi sake saukewa sauƙi nesa ba kusa ba. Na PS4 kam daga wajen ma za ka buga su.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar farko. Na'urar za ta share duk abin da ke cikin faifan kafin ta karɓe shi. Kada ka ɗauko wanda ƙanwarka ke ajiye hotunan bikinta.

Kuma kada ka fizge wayar ana tsakiyar kwafi. Akwai faranti mai juyawa a ciki, ba ya jure jijjiga ko faɗuwa, ɗaukewar wuta ma tana iya lalata abin da ake rubutawa. Ka bi ta saituna ka cire shi, ko ka kashe na'urar gaba ɗaya kafin ka zare.