DARASI: Ƙaramar Akori-kura ko Babba? Yadda Za Ku Zaɓi Motar Ɗaukar Kaya

Idan kaka ta yi, amfanin gona ya zo gida, ƙungiyoyin manoma na ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa sukan zauna su yi lissafi. Sau da yawa lissafin yakan nuna abu guda: kuɗin mota ya cinye riba. An biya mota ta kawo taki, an biya ta kwaso masara daga gona, an kuma biya ta kai kasuwa. Daga nan sai wani ya ce, "Mu haɗa kuɗi mu sayi tamu."

Shawarar tana da kyau, amma akwai tambaya a bayanta. Wace iri za a saya, ƙarama ko babba? Kuɗin mota gumin mutane da yawa ne na shekaru. In an zaɓa daidai, motar za ta ciyar da kanta, har ta bar wani abu a asusu. In an zaɓa da kuskure, kafin shekara biyu za a same ta a kan duwatsu a gindin mangwaro, kaji suna kwana a ciki, 'yan ƙungiya kuma ba sa ga maciji da juna. Darasin nan domin ku auna maganar ne tun kuɗi yana hannunku, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

1. MOTOCIN DA MUKE GANI A HANYA

Wanda ya tsaya a Kwanar Ɗangora, inda hanyar Tudun Wada da Falgore ta rabu da babbar hanyar Kano zuwa Zariya, zai ga motocin kaya iri huɗu.

Ta fari ita ce kurkura, watau ƙananan motocin Japan irin su Daihatsu Hijet da Suzuki Carry. A can ƙasarsu doka ta tsare girman injinsu, kuma nauyin da aka yarda su ɗauka kilo 350 ne kawai. Wannan buhu uku da rabi ne na masara, ko buhu bakwai na takin zamani mai kilo 50.

Ta biyu ita ce akori-kura ta kullum. Dattawa sun san Peugeot 404 da 504, wadda muke kira Fijo, waɗanda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan ya fara aiki a 1975. An daina harhaɗa su tuntuni, amma tsofaffinsu suna nan suna aiki. Toyota Hilux da ire-irenta su ne suka gaje su. Irin wannan mota takan ɗauki kamar tan ɗaya, watau kilo 1,000, buhu goma na masara.

Ta uku ita ce babbar akori-kura ta Amurka, kamar Ford F-150 da Toyota Tundra. Doguwa ce, mai faɗi, mai tsawo, mai ban sha'awa ga ido.

Ta huɗu ita ce Mitsubishi Canter, watau Kanta, da Toyota Dyna. Waɗannan ƙananan roka ne, yawancinsu masu taya shida, suna shan man gas. Wadda aka fi gani takan ɗauki tan biyu zuwa uku, gwargwadon irinta.

2. GIRMAN JIKI BA SHI NE ƘARFIN ƊAUKA BA

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Sukan dubi babbar akori-kura ta Amurka su ce, "Wannan za ta ɗauki ninki biyu na Hilux." Ba haka ba ne. Yawancinsu nauyin da aka tsara su ɗauka a baya bai wuce tan ɗaya ba, waɗansu ma ba su kai ba. Dalili kuwa shi ne, an ƙera su domin wani aiki dabam. A Amurka ana ɗaura musu keken shanu, ko na dawaki, ko kwale-kwale, su ja a kan kwalta mai laushi, iyali kuwa suna zaune a ciki cikin sakewa. Domin jan nan ne aka sa musu babban inji, da yawansu mai silinda takwas, mai shan fetur ƙwarai. Ƙarfin ja dabam, ƙarfin ɗauka dabam.

Saboda haka kada ku auna mota da ido. Ku buɗe ƙofar direba, ku duba ɗan allon ƙarfe ko takardar da aka manna a jikin ƙofa, ko ku nemi littafin motar. A nan aka rubuta nauyin da za ta iya. Ku tuna kuma, nauyin direba da yaron mota da duk wanda ya hau yana cikin wannan lissafi. Mutum biyar a cikin mota sun ci wurin buhu uku.

Ku lura da ƙofofi kuma. Hilux mai ƙofa huɗu tana da wurin zaman mutum biyar, amma bodinta gajere ne, kamar mita ɗaya da rabi. Mai ƙofa biyu bodinta ya haura mita biyu. Ga mai ɗaukar rake, ko harawa, ko kwandunan tumatir, ko kwanon rufi, wannan bambanci babba ne. Mai ƙofa huɗu ta dace da ma'aikatan da ke zagaya ƙauyuka. Mai ƙofa biyu ta fi dacewa da manomi.

To, in dai kayanku sun fi ƙarfin akori-kura ta kullum, ba ta Amurka ce maganinku ba. Zaɓinku na gaskiya yana tsakanin akori-kura da Kanta.

3. KU AUNA KAYAN SHEKARA, BA NA KAKA KAƊAI BA

Sa'ad da ake shawarar sayen mota, yawanci da kaka ne, buhuna suna jibge a tsakar gida. Ido yana ganin tarin kaya, zuciya kuma tana cewa sai babba. Amma kaka wata biyu ce ko uku. Me motar za ta yi a sauran watanni tara?

Ku ɗauki takarda, ku rubuta watanni goma sha biyu a jere. A gaban kowane wata ku rubuta irin kayan da kukan ɗauka, da yawansu, da inda ake kai su. Za ku ga abu kamar haka: da bazara, taki da iri da maganin feshi, da damina, kaya kaɗan, sai ranakun kasuwa, da kaka, masara da dawa da shinkafa da waken suya, da rani, kayan lambu na masu noman rani a bakin ruwan Tiga da fadamu, da siminti da bulo na masu gini. Akwai kuma tafiyar da ba a shirya ba, kamar kai mara lafiya ko mai naƙuda asibiti da dare.

In takardar ta nuna cewa yawancin tafiye-tafiyenku buhu biyar ne zuwa goma, akori-kura ta ishe ku. Ranar da kuka tara buhu sittin na Kasuwar Dawanau, sai ku yi hayar Kanta ko roka. Gara ku yi hayar babba sau biyar a shekara, da ku ciyar da babba kwana 365.

4. LISSAFIN MAI A KAN KOWANE BUHU

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Tun daga lokacin, mai ya zama babban abin da ke raba riba da hasara.

Amma tambayar ba "Wace ce ta fi shan mai?" ba ce. Tambayar ita ce, "Mai nawa kowane buhu ya ci?" Bari mu yi misali. Lambobin nan na koyo ne, ku sa naku a madadinsu.

A ce tafiyar, zuwa da dawowa, kilomita 200 ce.

Akori-kura ta kullum: a ce tana shan lita 12 a kilomita 100. Tafiyar ta ci lita 24. Da buhu 10, kowane buhu ya ci kusan lita biyu da rabi.

Babba ta Amurka: a ce tana shan lita 17. Tafiyar ta ci lita 34. Da buhu 8, kowane buhu ya ci fiye da lita huɗu.

Kanta: a ce tana shan lita 15 na gas. Tafiyar ta ci lita 30. Da buhu 30, kowane buhu ya ci lita ɗaya tak. Amma in buhu 5 kawai aka samu a ranar, kowane buhu ya ci lita shida.

Kun ga abin da lissafin ya koya mana. Babbar mota cike da kaya ta fi kowace araha. Babbar mota da buhu kaɗan ta fi kowace tsada. Kurkura kuwa tana da sauƙin mai, amma domin kai buhu 30 sai ta yi sawu tara ko goma. Wurinta shi ne gajeren zango, daga gona zuwa gida, daga ƙauye zuwa bakin kwalta.

Kada ku dogara ga bakin mai sayarwa a kan shan mai. Ku cika tanki, ku ɗora kaya, ku yi tafiyar da kuka san tsawonta, ku sake cikawa. Litar da ta shiga ita ce gaskiya.

Bayan mai, akwai kuɗin da ke fita ko mota ta motsa ko ba ta motsa ba: albashin direba, sabunta takardu, inshora. Akwai baƙin mai, da batir, da taya. Mai Kanta taya shida yake saya, kowace kuma ta fi ta akori-kura tsada.

5. HANYA CE ALƘALI

Mota ba a kan kwalta kaɗai za ta yi aiki ba. Ku tambayi kanku, ina ne mafi munin wuri tsakanin gonakinmu da titi? A ƙasar Doguwa, wajen Riruwai, akwai duwatsu da hawa da gangara. A waɗansu ƙauyukan Kiru da Tudun Wada akwai rafi da taɓo waɗanda sukan yanke hanya a watan Agusta. Burtali kuma ƙunci gare shi, ga gonakin mutane dama da hagu.

Mota mai faɗi takan taka shukar maƙwabci, ta jawo ƙara wurin mai unguwa. Mota mai nauyi in ta kafe, sai an nemo tarakta. Kurkura in ta kafe, samari shida sun fitar da ita, amma tayoyinta ƙanana ne, ramin da Hilux za ta tsallake ita sai ta faɗa. In hanyarku ta taɓo ce ko ta dutse, mai ja da ƙafa huɗu ta cancanci ƙarin kuɗinta. In kuwa kusa da kwalta kuke, kada ku biya kuɗin abin da ba ku bukata, gama tana da ƙarin sassa masu lalacewa.

6. WA ZAI GYARA TA?

Kowace mota za ta lalace wata rana. Kafin ku saya, ku je wurin bakaniken da ke kusa da ku, ku ce masa, "Malam, ka san injin wannan?" Ku je Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ku tambayi kuɗin sifirin, da kuloci, da takalmin birki, da famfon mai na irin motar. Abin da aka ɗauko muku nan take, motarsa ta dace da ku. Abin da aka ce sai an aiko daga Legas ko ƙasar waje, ku yi hattara. Motar da ta kwanta mako uku da kaka tana jiran ƙarfe ɗaya, ta yi hasarar shekara.

Game da kurkura akwai abin lura. Yawancinsu da sitiyari a dama aka ƙera su, domin a Japan ta hagu ake tuƙi. Nijeriya kuwa ta koma tuƙi ta hannun dama tun watan Afrilu 1972, saboda haka akan juya sitiyarin zuwa hagu. Ku sa bakanike ya duba wannan aikin da kyau, da waldar da aka yi, da birki. Araha ba ta ado.

7. KADA ƘARAMA TA YI AIKIN BABBA

Wani zai ce, "Ai muna ganin kurkura da buhu goma, Fijo da buhu ashirin, suna kuwa isa." Suna isa, har ranar da ba su isa ba. Lodi fiye da kima yana karya sifirin, yana fasa taya, yana ƙone kuloci. Mafi muni, birkin da aka yi domin tan ɗaya ba zai tsai da tan biyu a gangara ba. Mutanen da aka ɗora a bisa buhuna kuwa ba su da abin kamawa. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna kama masu irin wannan lodi, amma tara ƙaramin abu ce in aka gwada ta da ran mutum. In kun ga kullum sai kun yi wa ƙarama lodin babba, alama ce cewa aikinku ya isa na Kanta. Daidai ruwa, daidai tsaki.

ABIN DA ZA A RIƘE

Kurkura: gajeren zango, kaya kaɗan, hanya mai dama.
Akori-kura ta kullum: ƙungiyar ƙauye mai kaya iri iri duk shekara.
Kanta: waɗanda ke da cikakken lodi kowane mako, har da na haya a dawowa.
Babba ta Amurka: ba domin ɗaukar buhu aka yi ta ba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A bara, sau nawa kuka ɗauki kayan da suka wuce buhu goma a tafiya ɗaya?
2. Wane wuri ne mafi muni a hanyarku, a wane wata kuma?
3. Wa zai riƙe littafin mota, ya rubuta mai da gyara da kuɗin haya?
4. Nawa za ku ware daga kowace tafiya domin taya da gyara?

AIKIN WANNAN WATA

Ku zaɓi mutum uku. Ɗaya ya cika takardar watanni goma sha biyu. Ɗaya ya zauna da direbobi biyu, mai akori-kura da mai Kanta, ya ji abin da sukan kashe a wata. Ɗaya ya je wurin bakanike da masu kayan gyara. Su kawo abin da suka samu a taro na gaba. Kada a ba da ko kwabo na kafin alƙalami sai an karanta rahoton nan uku a gaban kowa.