Kafin ki sayi hodar fuska mai maiƙo

'Yar'uwa, don an rubuta a jikin kwalba cewa daga tsirrai aka haɗa, ba shi ke hana ƙaiƙayi ba. Ki ɗan shafa a bayan kunne, ki jira kwana 2.

In hodar ta ma'adinai ce, yawanci akwai zinc oxide da titanium dioxide a cikinta, su kuwa farare ne fat. A fata mai duhu sukan bar fuska toka-toka, balle in hasken kyamara ya same ki a wurin biki. Ki goga kalar a muƙamuƙi, ki fita rana da madubi. Fitilar shago yaudara ce.

Hoda mai maiƙo ta fi daɗi da hunturu. Da bazara narkewa take, sai kin bi ta da busasshiyar hoda. In babu lambar NAFDAC, ki ajiye wa masu shago kayansu.