TAFIYA DA YARO A LOKACIN BAZARA

Uwargida, daga watan Maris zuwa Mayu zafi a Kano, Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40. Jikin yaro ya fi naki saurin ɗaukar zafi, ruwan jikinsa kuma ya fi saurin ƙarewa. In tafiya ta kama ki, biki ne ko ganin gida, ki yi sammako ki kama motar farko. Daga hantsi zuwa la'asar rana ba ta da sauƙi.

Ki tafasa ruwa tun da dare, ya huce, ki zuba a gora mai tsabta. Ki naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da tsumman ke bushewa, ruwan na yin sanyi, kamar dai na randa. Ki riƙa ba yaro yana kurɓa a kai a kai, kada ki jira sai ya ce ƙishirwa. Ƙanƙara da zoɓon tasha kuwa, ba ki san ruwan da aka yi su da shi ba.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, KADA a ba shi ruwa, komai zafi. Nono ya ishe shi, domin mafi yawansa ruwa ne. Ki yawaita ba shi mama, ke kuma ki sha ruwa sosai.

Sai maganar sutura. Mukan ga jariri a tsakiyar Afrilu da hular ulu da safa da rigar sanyi, an goye shi, an kuma rufa masa mayafi. Haba iya! Wannan ai gasa yaro ne. Riga ɗaya mara nauyi ta auduga ta isa. In kin shiga mota ki sauke goyon, ki ɗora shi a cinya ta ɓangaren da babu rana, ki riƙa yi masa fifita. Kada ki bar yaro cikin mota a rufe, ko da za ki sayo abu ne ki dawo.

Ki lura da shi a hanya. In fitsarinsa ya ragu ya yi ja, bakinsa ya bushe, yana kuka ba hawaye, ido ya zurma, ko maɗiga ta faɗa, to ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa. Shafa magani a ka ba zai tada maɗiga ba. In ya wuce wata 6, ki dama ƙunshi 1 na garin gishiri da sukari na asibiti a ruwa mai tsabta lita 1, ki ba shi da cokali. In babu, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin cokali, a lita 1. Kada ki ƙara gishiri. Ki ci gaba da ba shi mama, ki nufi asibiti.

In jikinsa ya yi zafi rau, ya galabaita, ya suma ko yana jijjiga, a kai shi inuwa, a tuɓe shi, a shafe shi da ruwa ana fifita. Kada a ɗura wa wanda ya suma komai a baki. Zazzaɓi da ƙagewar wuya kuma alamar sanƙarau ce, wadda ke yaɗuwa a wannan lokaci. A duk waɗannan, ki ce wa direba ya tsaya a asibiti mafi kusa, kada a bari sai an isa gida.